Kashi Ɗaya Cikin Miliyan: Lissafin da Ke Raba Magani da Guba

 

 

An nemi in yi magana a kan wani lissafi na ajin kemistiri, wato yadda ake gano yawan wani sinadari idan ya yi ƙanƙanta ainun a cikin ruwa, ko ƙasa, ko abinci, ko iska. Ma'auninsa shi ne kashi kaza cikin miliyan, a takarda kuma ana rubuta shi da haruffa uku, ppm. Ɗalibai da yawa kan haddace shi saboda jarrabawa, su watsar da shi kafin sakamako ya fito. Abin da ya kawo ni gabanku shi ne in nuna cewa wannan lissafi ya wuce na jarrabawa. Da shi ake sanin ko ruwan rijiyar burtsatse ya dace a ba yaro. Da shi ake karɓar waken manomi a kasuwar duniya ko a maido masa da kayansa. Rashin wanda zai yi shi a kan lokaci kuma ya taɓa jawo mana asarar ɗaruruwan yara a wannan ƙasa tamu. Zan fara da lissafin kansa, sannan mu bi shi zuwa wuraren da ya yi aiki.

Mene ne kashi ɗaya cikin miliyan?

Kowa a nan ya san kashi cikin ɗari. Idan aka ce gishiri ya kai kashi 3 cikin ɗari na wani ruwa, an raba ruwan gida ɗari ke nan, gida uku gishiri ne. Wannan ma'auni yana da kyau muddin abin da ake nema yana da yawa. Amma akwai sinadaran da aikinsu, na alheri ko na sharri, ke farawa tun suna can ƙasa da haka nesa. Idan aka tilasta su cikin ma'aunin ɗari, sai takarda ta cika da sifili: kashi 0.00015 cikin ɗari. Ido yakan ɓace a irin wannan jeri, sifili ɗaya kuwa idan ya salwanta, amsa ta ninku sau goma. Saboda haka masana suka ga gara a raba abin gida miliyan. Wannan lamba mai tarin sifili sai ta koma 1.5 ppm, wadda kowa zai iya karantawa ya riƙe.

Domin mu ji girman abin a jikinmu, ku kawo buhun masara goma a ranku, kowanne kilo 100. Jimla kilo 1,000 ke nan, wato tan ɗaya, wato giram miliyan ɗaya. Giram ɗaya daga cikin wannan tari, ƙwayar masara uku ko huɗu, shi ne ppm ɗaya. Babu idon da zai gane an cire su ko an ƙara su. To, a wannan matakin ne sinadaran da za mu tattauna suke aikinsu.

Daga nan muka sami ƙa'idoji huɗu da nake so kowane ɗalibi ya rubuta a bangon littafinsa:

Giram 1 cikin tan 1 shi ne ppm 1.
Miligiram 1 cikin kilo 1 shi ne ppm 1.
Miligiram 1 cikin litar ruwa 1 shi ne ppm 1, domin nauyin litar ruwa kusan kilo ɗaya ne.
Kashi 1 cikin ɗari daidai yake da ppm 10,000.

Akwai kuma ƙanen wannan ma'auni, ppb, kashi ɗaya cikin biliyan, wanda shi ne maikrogiram ɗaya cikin lita. Sai an tara ppb 1,000 ake samun ppm ɗaya.

Yadda ake lissafin

Mataki uku ne. Na farko, a mayar da nauyin sinadarin da nauyin abin da yake ciki zuwa ma'auni iri ɗaya, giram da giram, ko miligiram da miligiram. Na biyu, a raba nauyin sinadarin da nauyin gaba ɗayan cakudar. Na uku, a ninka abin da ya fito sau 1,000,000.

Bari mu gwada. An ɗebo ruwan wata rijiya, rabin lita, wato giram 500. Ɗakin gwaje-gwaje ya samu miligiram 0.9 na fulorayid a ciki. Miligiram 0.9 shi ne giram 0.0009. Raba 0.0009 da 500, za ka samu 0.0000018. Ninka sau miliyan, amsa 1.8 ppm. Ga mai son gajeriyar hanya: miligiram nawa, cikin lita nawa? Miligiram 0.9 cikin rabin lita, ke nan miligiram 1.8 cikin cikakkiyar lita. Amsa ɗaya ce.

Amma lamba ita kaɗai ba ta gaya maka komai ba tukuna. 1.8 da yawa ne ko kaɗan? Sai an ajiye ta kusa da iyakar da masana suka gindaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar fulorayid a ruwan sha a kan 1.5 ppm. Wannan rijiya ta haura. Ku riƙe wannan da kyau: lissafin ppm bai kammala ba sai an yi kwatanci. Ɗalibin da ya tsaya a 1.8 ya ja layi biyu a ƙarƙashi, rabin aiki ya yi.

Wuraren da ƙafa ke zamewa

Na farko shi ne mantawa da sirki. Ba a zuba ƙasa kai tsaye a cikin na'urar awo. Akan auni, misali, giram 2 na ƙasa, a narkar da ita da asid, a tace, a ƙara ruwa har ya kai mililita 100, sannan a ba na'ura. A ce na'ura ta nuna miligiram 30 na dalma cikin lita. Mai gaggawa sai ya rubuta 30 ppm ya sa hannu. Alhali 30 ɗin na ruwan kwalba ne, tambayar kuwa a kan ƙasa aka yi ta. Mililita 100 kashi ɗaya ne cikin goma na lita, don haka dalmar da ke kwalbar miligiram 3 ce. Wannan miligiram 3 daga giram 2 na ƙasa ta fito, wato kilo 0.002. Raba 3 da 0.002, amsa 1,500 ppm. Ku dubi ratar. Mai 30 zai ce yara su ci gaba da wasa a wurin. Mai 1,500 zai ce a kwashe su yau.

Na biyu shi ne rikita sinadarin da ake nema da gishirin da ya ɗauko shi. Ga bututun man goge baki a hannuna. A bayansa an rubuta sodiyam fulorayid kashi 0.32 cikin ɗari, a gefe kuma an rubuta 1,450 ppm. Kashi 0.32 cikin ɗari ai 3,200 ppm ne, to ina sauran? Amsar tana cikin nauyin ƙwayoyin zarra. Sodiyam 23, fulorin 19, jimla 42. Fulorayid ɗin kansa kashi 19 ne cikin 42 na nauyin gishirin. Ninka 3,200 da 19, raba da 42, za ka sauka a wajen 1,450. Duk lokacin da aka miƙo maka sakamako, tambaya ta farko ita ce: ppm na mene ne?

Na uku shi ne ɗaukar ƙa'idar ruwa a ɗora wa komai. Miligiram cikin lita yana zama ppm ne kawai saboda litar ruwa kilo ɗaya ce. Litar man gyaɗa ba ta kai kilo ba, litar zuma ta wuce kilo. A iska kuma, yawanci ba nauyi ake kwatantawa ba, ƙwayoyin iskar ake ƙirgawa. Lokacin da Charles Keeling ya fara auna iskar kabon dayokzayid a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya samu kimanin 315 ppm. Yau ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Ma'anar 420 a nan ita ce, cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya, 420 na kabon dayokzayid ne. Wannan ɗan ƙarin shi ne babban abin da ke ɗumama duniya.

Na huɗu shi ne musanya ppm da ppb. Iyakar dalma a ruwan sha a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce 10 ppb, wato 0.01 ppm. Wanda ya karanta 10 ya ɗauka ppm ne, ya halasta wa jama'a ninki dubu na abin da aka yarda da shi.

Abin da ya faru a Zamfara

Jama'a, yanzu mu bar allo mu je inda lissafin ya zama batun rai da mutuwa.

A farkon shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido a kan cutar sanƙarau a jihar Zamfara suka tarar da wani abu mai tayar da hankali a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Bukkuyum da Anka. Ƙananan yara suna amai, suna jijjiga, suna suma, suna mutuwa. An ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi ba. Sai da aka aika jininsu gwaji sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin kowane huɗu na yaran da ba su kai shekara biyar ba ya rasu a cikin shekara guda. Daga baya aka gano irin wannan a Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega. Yaran da suka rasu sun kai aƙalla 400, dubbai kuma suka kamu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Daga ina dalmar ta fito? Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutanen da noma bai ishe su ba suka koma haƙa. Dutsen da suke haƙowa yana ɗauke da zinariya, amma yana ɗauke da dalma mai yawan gaske. Akan kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin irin na niƙan hatsi, wani lokaci a daka a turmi cikin gida, a wanke, a shanya a tsakar gida. Ƙura ta sauka a daɓe, ta sauka a kan tabarma da kwanon abinci da hatsin da ke shanye a gefe. Yaro mai rarrafe ya bi ta kai, ya sa hannu a baki. Babu wari, babu ɗaci, babu wata alamar da za ta sa uwa ta ɗauke shi.

Ga wani abu da nake so ku yi tunani a kai. Zinariya ma da wannan ma'aunin ake auna ta. Manyan kamfanonin haƙar ma'adinai na duniya sukan ci riba a dutsen da ke da 'yan giram kaɗan na zinariya cikin tan, wato 'yan ppm kaɗan. Mai haƙa ya san haka ko bai je makaranta ba. Ya san ɗan ƙyallin da ke kwance a gindin kwano shi ne arzikin, shi ya sa yake jure niƙa buhu bayan buhu. Ke nan tunanin ppm ba baƙo ba ne a wurinsa. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne, dutsen da ke ba shi zinariya ƙwaya-ƙwaya yana zubar masa da dalma dubbai-dubbai a tsakar gida.

A lokacin, iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa wa dalma a ƙasar da yara ke wasa ita ce 400 ppm. A wasu wurare na waɗannan ƙauyuka an auna fiye da 100,000 ppm. Ku mayar da shi ma'aunin ɗari da ƙa'idarmu ta huɗu: fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙasar dalma ce. Ninki 250 ke nan na iyakar.

Mu yi lissafin abin da ke shiga cikin yaro. A ɗauka yana haɗiyar miligiram 100 na ƙura a yini ta hanyar hannu da abinci, abin da bai kai cikin farce ba. Miligiram 100 shi ne kilo 0.0001. Idan ƙasar gidan tana da 20,000 ppm, ninka 20,000 da 0.0001, ya haɗiyi miligiram 2 na dalma, wato maikrogiram 2,000. Lita ɗaya ta ruwan da ke daidai kan iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya maikrogiram 10 take ɗauke da shi. Yaron nan ya sha dalmar lita 200 ke nan a yini ɗaya, gobe ma haka, jibi ma haka. Hanjin ƙaramin yaro kuma yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Shi ya sa manya ke yawo da ƙafafunsu, ƙanana ke faɗuwa.

A jini, likitoci na auna dalma da maikrogiram cikin desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Idan ta kai 45, yaro na bukatar maganin da ke janye ta daga jiki. Ninka 45 sau goma, maikrogiram 450 cikin lita, wato kimanin 0.45 ppm. Bai kai rabin kashi ɗaya cikin miliyan ba, amma ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. A Dareta da Yargalma kusan duk yaran da aka gwada sun kai wannan mataki ko sun wuce, da yawa ma sun fi ƙarfin na'urar hannu da ake gwajin da ita, wadda ba ta karanta abin da ya haura 65. Masana kuma sun tabbatar babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Wanda ya tsira da ransa na iya tashi da raunin fahimta har ƙarshen rayuwa.

Ceton da aka yi ma da wannan lissafin aka yi shi. Ba a iya ba yaro magani a mayar da shi gidan da ya kwaso gubar, saboda haka sai da aka fara tsabtace ƙauyukan. Ƙwararru daga TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, suka riƙa bi gida-gida da na'urar da ake ɗorawa a ƙasa ta nuna ppm nan take. Inda lamba ta haura, a kankare saman ƙasa, a kwashe a binne can nesa, a zubo sabuwa, a sake aunawa. Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake ɓullowa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta ci yara 28. Wannan ya nuna darasin bai zauna ba.

Kafin in bar maganar dalma, ina da roƙo ga iyayenmu mata. Wani kwallin da ake sayarwa a kasuwa daga dutsen dalma ake niƙo shi. A 2011, a birnin Boston na Amurka, an samu dalma a jinin wani jariri, aka bi sawu har zuwa kwallin da aka kawo daga Nijeriya ana sa masa. Da aka auna kwallin, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce, wato 826,000 ppm. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki. Kwallin da ba a san asalinsa ba, a nisanta shi daga idon jariri.

Ƙasa da iyaka, sama da iyaka

Kada wani ya fita daga nan da tunanin cewa duk abin da ake aunawa da ppm guba ne. Wasu sinadaran rashinsu cuta ne, yawansu ma cuta ne, lafiya tana tsakani.

Dattawan da ke nan sun tuna lokacin da maƙoƙo ya zama ruwan dare a wasu yankuna. Ƙarancin aidin ke kawo shi, yana kuma tauye ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Maganin da duniya ta samo shi ne zuba aidin a gishirin girki, Nijeriya kuma ta wajabta haka tun farkon shekarun 1990. Abin da ake bukata shi ne gishiri ya iso kicin da aƙalla 15 ppm, wato miligiram 15 cikin kilo. A masana'anta akan zuba fiye da haka, domin zafi da laima da daɗewa a buɗe a kasuwa suna rage shi a hanya. Akwai ɗan ruwan gwaji da ake ɗiga wa gishiri: idan ya rine ya yi shuɗi mai duhu, akwai aidin, idan ya zauna fari, babu. Wannan gwaji ne da ɗan firamare zai iya yi.

Fulorayid kuwa, kaɗan daga cikinsa yana kare haƙori daga ruɓewa, shi ya sa ake sa shi a man goge baki, wanda ake tofarwa ba a haɗiya. Amma idan ya haura iyaka a ruwan da ake sha kullum, haƙoran yara kan yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa, idan ya ƙara yawa ya shiga ƙashi. 'Yan'uwanmu na Tibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, sun ɗanɗana wannan. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa wajen 2000, garin ya sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi wanda fulorayid ɗinsa ya ninka iyakar 1.5 fiye da sau uku. Ruwa garai-garai, ba launi ba wari. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Gwajin da zai tona wannan ba mai tsada ba ne, kuma lissafinsa shi ne wanda muka yi a misalinmu na farko.

Lissafin ya shiga kasuwa

Manoma da 'yan kasuwar hatsi, wannan naku ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne maganin ƙwari mai suna dikulobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, wanda wasu ke zubawa a buhu don gudun ƙwaro ya huda waken. Iyakar Turai 0.01 ppm ce. An samu waken da ya kai 4.6 ppm, ninki 460. Su sun auna sun ƙi karɓa. Waken da bai fita waje ba fa, wa ya ci shi? Mu ne, a ƙosai da alale da garau-garau. Alhali akwai buhu mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska ya kashe ƙwaro ba tare da ɗigon magani ba. Idan lafiyar Bature ta isa a auna mata wake, lafiyar ɗan Bahaushe ma ta isa.

Aikin hannu: kulorin a lokacin kwalara

Na ajiye wannan a ƙarshe domin shi ne wanda kowannenmu zai iya bukata da damina mai zuwa. Lokacin amai da gudawa, kulorin ke tsare ruwan sha. Abin da ake so shi ne, bayan minti 30 da zubawa, a samu ragowar kulorin kimanin 0.5 ppm a cikin ruwan. Tunda dattin ruwa yana cinye wani kaso, akan fara da abin da ya fi haka, sannan a gwada.

A ce tankin makaranta ne mai lita 1,000, ana so a fara da 2 ppm. Miligiram 2 sau 1,000, miligiram 2,000, wato giram 2 na kulorin. Amma garin kulorin da ake sayarwa ba zalla ba ne, yawanci kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ne. Raba 2 da 0.65, kimanin giram 3. Giram uku kacal ga tanki guda. Wanda bai yi lissafi ba zai kamfato da gwangwani ya zuba, ruwa ya yi warin da ba ya shaƙuwa, yara su gudu su koma shan na kududdufi. Wani kuma don tsoro ya zuba abin da bai isa ba, ya zauna da tabbacin ƙarya.

Ga jarka mai lita 20, giram ya yi girma, don haka akan fara haɗa ruwan kulorin mai kashi 1 cikin ɗari, giram 15 na garin cikin lita ɗaya. Wannan 10,000 ppm ne, kowace mililita na ɗauke da miligiram 10. Jarka na bukatar 2 sau 20, miligiram 40. Ke nan mililita 4, a auna da sirinji. Ruwan wanke hannu a wurin jinya kuwa 500 ppm ne, wato kashi 0.05 cikin ɗari, ninki 250 na abin da muka zuba a jarka. Sinadari ɗaya ne, lamba ce ta raba na sha da na wanke hannu. Saboda haka kowane bokiti a rubuta masa lambarsa a jiki, kuma ruwan da ya gurɓace a bar shi ya kwanta a tace kafin a sa masa kulorin.

Abin da ya rataya a wuyanmu

'Yan'uwana malamai, mu daina ba ɗalibai misalan da ba su da alaƙa da rayuwarsu. Mu sa su kawo ledar ruwa, da ledar gishiri, da bututun man goge baki, su karanta abin da ke jiki, su lissafa, su kwatanta da iyaka. Kada mu ba cikakken maki ga amsar da ba ta faɗi ppm na mene ne ba, kuma ba ta faɗi ko ta haura ba.

Ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, idan kun miƙa wa mai unguwa sakamako, ku rubuta iyakar a gefen kowace lamba, ku yi masa bayani da Hausa. Takardar da mai ita ba zai iya karantawa ba, aljihu kawai za ta cika.

Masu haƙa rijiyoyin burtsatse, da masu hannu da shuni da ke gina su sadaka, Allah ya karɓa. Amma ku sa kuɗin gwaji cikin kuɗin aikin, a auna fulorayid da dalma da sauran su kafin a buɗe famfo, a kuma riƙa maimaitawa.

Sarakuna da limamai na yankunan da ake haƙar ma'adinai, maganarku ta fi tamu isa. Kada a niƙa dutse a cikin gari. Kada a shigo da shi gida. Mai aiki ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki ɗansa.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, kun ga duk lissafin da muka yi yau bai wuce rabawa da ninkawa ba. Wahalarsa ɗaya ce, kula: kula da ma'auni, kula da sifili, kula da tambayar da aka yi. A yawancin garuruwanmu, wanda ya gama sakandare a ajin kimiyya shi ne masanin kemistirin da ya fi kusa. Ranar da aka kawo takardar gwajin rijiyar garinku, ku za a miƙa wa. Ku shirya wa wannan rana tun yanzu.

Allah ya ji ƙan yaran da muka rasa, ya ba waɗanda ke fama lafiya, ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi.